Kannar da ta daina fure: a fara duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Assalamu alaikum. Malama, na karanta bayanin da kika yi cewa kannar da kika dasa a tukunya ta yi fure ja mai yawa a shekararta ta farko, amma yanzu ta koma fitar da siraran karare a cunkushe, bakin ganyenta yana bushewa, furen kuma ya ɗauke ƙaf, har kina tunanin ko dai ki ƙara mata takin zamani, ko kuwa ki tumɓuke ta ki nemi wata. Shawarata ita ce kada ki yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Ki kwantar da tukunyar a gefenta, ki zazzago shukar tare da ƙasarta, ki duba saiwar. Na daɗe ina kiwon wannan shuka, a ƙasa da kuma a tukwane, kuma kusan duk lokacin da aka kawo mini irin wannan koke, a saiwar ake samun dalili.

Kanna, wadda masana tsirrai ke kira Canna indica, asalinta daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka ne, kuma cikin danginta akwai citta da ayaba. Ainihin jikinta yana kwance a ƙarƙashin ƙasa: saiwa ce mai kauri, gaɓa-gaɓa kamar ta citta, wadda take tara abinci, har ma a ƙasashen tsaunukan Andis da kuma Biyetnam ana noma wani nau'inta domin sitacin da ke cikinta. A jikin saiwar akwai idanu, kowane ido kara ɗaya yake fitarwa, kowane kara kuma zangon fure ɗaya yake yi a rayuwarsa, daga nan aikinsa ya ƙare. Furen da za ki gani gaba sai dai daga sabon kara, sabon kara kuwa sai daga sabon ido, ido kuma ba ya yin ƙiba sai saiwar ta sami filin da za ta miƙe da ƙasar da za ta ci. A cikin tukunya, shekara ɗaya zuwa biyu ta isa saiwar ta zagaye bangon ciki ta hau kan kanta. Idan kika zazzago kannarki, ina kyautata zaton za ki tarar da dunƙule mai tauri, ƙasar ciki ta kusa ƙarewa, tsakiyarsa ya yi baƙi ya tsufa, sababbin idanu farare ko masu ɗan ja-ja kuma suna matse a jikin bango ba su da inda za su nufa. Wani lokaci ma za ki ga tukunyar roba ta kumbura ta gefe ɗaya. Shukar da take cikin wannan hali ko an zuba mata ruwa bi yake yi ta gefe ya fice, taki kuma ƙona ta zai yi.

Maganin shi ne a raba ta. Ki yanke dukan kararen ki bar kamar tsawon tafin hannu, ki karkaɗe ƙasar, ki wanke dunƙulen da ruwa domin ki ga abin da kike yi. Sai ki sa wuƙa mai kaifi ki yanyanka saiwar, kowane yanki ya kasance da ido 2 ko 3 masu lafiya da kuma isasshen nama a bayansu. Duk ɓangaren da ya yi laushi, ko yake wari, ko ya bushe ya zama holoƙo, ki jefar da shi ba tare da jin asara ba, haka ma tsohuwar tsakiyar da ba ta da ido. Ni nakan bar yankan a inuwa ya kwana ya sha iska kafin in binne, domin ɗanyen rauni a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne mafarin ruɓewa. A kwance ake dasa shi, idon yana kallon sama, a zurfin santimita 8 zuwa 10. Idan a ƙasa ne, a bar tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakanin wannan da wancan, dogayen nau'in da ke kai mita 2 ma sun fi son fiye da haka. Idan kuwa dole sai a tukunya, to yanki ɗaya tak a tukunyar da faɗin bakinta ya kai santimita 40, mai ɓula a ƙasa. Na san zuciya ba ta son ganin babbar tukunya da ɗan yanki ɗaya a ciki, amma kafin wata uku za ki ga dalilin. Wannan rabon kuma ba na sau ɗaya ba ne: a tukunya kusan duk shekara ake yi, a ƙasa kuwa duk bayan shekara 2 ko 3.

Kin ambata cewa a baranda take, kuma wannan shi ne abu na biyu da nake zargi. Faɗin ganyenta yana sa mutane su ɗauka shukar inuwa ce, alhali kuwa tana bukatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6 a yini kafin ta yi fure yadda ya kamata. A inuwa za ta rayu, ta yi tsayi, ta karkata wajen haske, amma furen zai yi ƙaranci ko ya ƙi zuwa, masu jan ganye kuma launinsu ya koɗe. A wurin da zafin rana yake da tsanani ƙwarai, ranar safe zuwa azahar ta wadatar, inuwar la'asar kuma ba za ta cuce ta ba. Abin da ya fi cutar da ita shi ne iska mai ƙarfi, wadda ke yayyaga ganyen ta busar da bakinsa, don haka kusa da katanga ko shinge ya fi mata.

Game da ruwa, kanna mashayiya ce, kuma a lokacin da take girma da wuya a ce an yi mata yawa. Busasshen bakin ganyen da kike gani alamar ƙishi ce, ko da kuwa kullum kina ba ta, saboda dalilin da na faɗa a sama. Sai dai akwai lokaci guda da ake taka-tsantsan, wato daga dasawa zuwa fitowar tsiro, domin yankan da bai yi sababbin jijiyoyi ba tukuna ba ya shan ruwan, zama kawai yake a cikinsa. A wannan tsakani danshi kaɗan ya isa. Da zarar ganyen farko ya warware, sai ki sake mata hannu, ki kuma rufe gindin da busasshiyar ciyawa domin ƙasar ta riƙe laima.

Taki yana da muhimmanci, amma bayan an gyara sauran. Ki cakuɗa ƙasar dashen da ruɓaɓɓen takin dabbobi wanda ya huce sarai, kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan duk wata ki barbaɗa ɗan takin NPK nesa da karan ki bi shi da ruwa. Yuriya ita kaɗai ba na ba da shawararta, domin ganye za ta ba ki mai duhu da faɗi, furen kuma ya yi jinkiri.

Idan furen ya dawo, ki lura da yadda ake yanke shi, domin a nan mutane da yawa suke rage wa kansu rabo. Furannin suna buɗewa daga ƙasan kai zuwa sama, kowanne kwana ɗaya ko biyu yake yi ya yanƙwane, sai a tsinke shi da yatsa. In kan farko ya ƙare, ki duba ɗan ƙasa da shi kaɗan, za ki ga wani kumburi a naɗe cikin kube a jikin karan; wannan kai na biyu ne ke tafe, wani lokaci har da na uku. Wanda ya sa almakashi ƙasa da wannan kumburin ya yanke furen makonni. Sai bayan duk sun gama ne ake sare karan daga gindi, a ba na bayansa haske da wuri.

Kafin ki yi wahalar rabawa, ki ɗaga ganyen ki kalle shi da kyau ta fuskar haske. Ɗige-ɗige masu ruwan lemo a bayan ganye, waɗanda ke barin gari a yatsa, cutar tsatsa ce, tana zuwa da yawan laima da cunkoso, kuma cire ganyen da ya kamu da daina jiƙa ganye wajen ban ruwa suna rage ta. Ganyen da ya ƙi warwarewa, ko ya buɗe da ramuka a jere, aikin tsutsa ne da ke naɗe kanta a ciki da zare, ana kuma iya buɗewa a cire ta da hannu. Wanda ba shi da magani shi ne bairas: za ki ga zane-zane rawaya ko fari a tsattsage suna bin jijiyoyin ganye, daga baya su koma ruwan ƙasa, shukar ta tsumbure, furen ya fito a murɗe. Ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye suna yaɗa wasu nau'o'insa, kuma yana bin saiwa, ta yadda duk yankan da aka ɗauka daga uwa mai cuta shi ma mai cuta ne. In wannan kika gani, to a nan kam tumɓukewa ce mafita, a ƙone ta, a wanke wuƙa da tukunya sosai. Amma kada ki rikita shi da nau'in da aka halitta da ratsin ganye, wanda ratsinsa a tsare yake iri ɗaya a kowane ganye.

Za ki iya jin sha'awar shuka ƙwallayen irin nan baƙaƙe da take yi bayan fure. Suna da taurin gaske, sai an goge ɓawon da magagari har farin da ke ciki ya ɗan leƙo, a jiƙa su a ruwa mai ɗumi na kwana ɗaya, sannan su tsira cikin mako ɗaya ko biyu. Sai dai yawancin kanna masu manyan furanni da ake gani a lambuna haɗe-haɗen iri ne, aikin da masu lambu a Faransa suka fara a ƙarni na 19, saboda haka abin da ya tsiro daga ƙwallo ba lalle ne ya ɗauko launin uwarsa ba. Tunda jan nan naki kike so, ki tsaya a kan saiwa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne farkon damina, ko duk lokacin da dare ya daina sanyi, domin a sanyi saiwar kwanciya take yi ba ta motsi. Idan ƙasa ta yi ɗumi, tsiro zai leƙo cikin mako 2 zuwa 3, fure kuma ki sa masa rai daga wata 2 zuwa 3 bayan dashe. Yankan da suka rage miki, in babu wurin dasa su nan take, ki binne su cikin yashi mai ɗan danshi a inuwa, za su jira ki na wasu makonni. Allah ya sa albarka.