Amsa: Wane jerin makin manhajojin ches ne abin dogaro?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa makin Stockfish, manhajar buga ches, ya bambanta a CCRL da CEGT da SSDF, wato jerin da ke haɗa manhajoji wasa su ba su maki, kuma wanne za ka yarda da shi.

Kada lambar kanta ta ɗauke maka hankali. Makin Elo, wato ma'aunin ƙarfin 'yan ches, tazara kawai yake aunawa tsakanin waɗanda suka kara da juna, kuma kowane jeri da inda ya kafa ma'auninsa. Shi ya sa 3600 na CCRL ba a gwama shi da 2882 da gwanin ches Magnus Carlsen ya kai a jerin FIDE, hukumar ches ta duniya, a 2014.

Ni dai na fi jingina da CCRL saboda yawan wasannin da suke bugawa. Duba gefen kowane suna, za ka ga 'yar lamba mai alamar ƙari da ragi. In tazarar manhajoji biyu maki 8 ce, kuskuren awon kuma ya kai 15, to kunnen doki suka yi, ko da an rubuta ɗaya a sama. Mutane da yawa nan suke tafka gardamar banza. SSDF ta Suwidin ta girme su duka, a 1984 aka fara ta, ta riƙa ba da awa 2 don motsi 40, sai dai sababbin fitowar manhajoji sun riƙa daɗewa ba su shiga ba.

Leela kuwa, wata manhajar ches, ƙarfinta ya rataya ne kan katin GPU, wato katin sarrafa hoto na kwamfuta, don haka fara duba irin na'urar da aka gwada ta a kai. TCEC gasar manhajojin ches ce mai daɗin kallo, amma wasanninta sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.