Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Daɗin Naman Kaza Yake Fitowa, Kuma Wace Kaza Ya Kamata a Saya?

Tambaya: Wata uwargida ta rubuto cewa duk lokacin da ta dafa kazar gidan gona mai saurin girma sai ta ji naman salam, alhali kazar gida da ta yi watanni tana kiwo, ko gishiri kaɗai aka sa mata, romonta yana da daɗi. Tana son sanin ko bambancin na gaskiya ne har da za ta ƙara kuɗi ta sayi ta gida, ko kuwa sabo ne kawai.

Amsa: Malama, harshenki bai yaudare ki ba, sai dai abin da muke kira daɗin nama aiki ne na gaɓoɓi biyu, harshe da hanci, kuma kowanne da sinadaran da suke motsa shi. A ɓangaren harshe akwai gulutamet, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen ɗanɗanon nan na romo da ya raɗa wa suna umami. A 1913 almajirinsa Shintaro Kodama ya gano na biyu, wato inosinet, a cikin busasshen kifi. Idan waɗannan biyun suka haɗu a kan harshe, ɗanɗanon da suke bayarwa ya ninka na kowanne shi kaɗai sau da yawa, domin inosinet yana sa na'urar ɗanɗano da ke jikin harshe ta riƙe gulutamet gam. Naman kaza yana da su duka biyun.

Hanci kuwa sai an ɗora nama a wuta yake samun rabonsa, tunda ɗanyen nama kusan ba shi da ƙamshi in ban da ɗan ƙarnin jini. Zafi yana haɗa wani sukari mai suna raibos da wani tubalin furotin mai ɗauke da farar wuta, sistayin, ta hanyar haɗuwar da Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, sai a samu sinadarai masu ƙamshin dafaffen nama, waɗanda ɗan ƙanƙaninsu ya isa ya cika ɗaki. Amma wannan ƙamshin, naman sa da na rago ma suna da shi. Abin da yake sa a shaƙa a ce kaza ce ake dafawa yana fitowa ne daga kitse, musamman kitsen da ke cikin bangon ƙwayoyin tsoka, wanda ido ba ya gani. Man linoleyik da na arakidonik da ke cikinsa suna tsinkewa a wuta su ba da sinadarai irin su dekadiyenal, wanda Jamusawa biyu, Gasser da Grosch, suka nuna a 1990 cewa yana cikin manyan abubuwan da suka bambanta romon kaza da na sa.

To, kazar gidan gona ana yanka ta ne tana da mako biyar zuwa bakwai, bayan an shafe shekaru da dama ana zaɓen irinta don faɗin ƙirji da saurin girma, ba don ƙamshi ba. Tsokarta ruwa ya yi mata yawa, jijiyoyinta kuma ba su ƙosa ba. Kazar da ta daɗe tana yawo tana da jan tsoka, da jijiya mai ƙarfi wadda doguwar dahuwa take narkar da ita ta kaurara romo har ya riƙa danƙo a leɓe, kuma da yake namanta yana buƙatar tauna, sinadaran suna daɗewa a baki. Saboda irin wannan ne tsarin Label Rouge na Faransa, mai ba da shaidar ingancin kayan abinci, ya hana yanka kajinsa kafin kwana 81. Gado ma yana da hannu. Tun da aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon kaza a 2004, masu bincike suke bin diddigin ƙwayoyin gado irin su ADSL da AMPD1, masu sarrafa yadda tsoka take samar da inosinet, da FADS2, mai taimakawa wajen mayar da man linoleyik ya zama arakidonik. A Japan an danganta daɗin kazar nan da ake ji da ita, Hinai-jidori, da yawan man arakidonik da ke jikinta.

Shawarata ita ce ki saya gwargwadon abin da za ki dafa. In romo ne ko dahuwar da za ta daɗe a wuta, ƙarin kuɗin da za ki ba da kan kazar da ta manyanta bai tafi a banza ba, kuma tsohuwar kazar ƙwai da ta gama aiki tana yin wannan hidimar daidai. In kuwa suya ce ko gashi na ɗan lokaci, ɗaukar tsohuwar kaza asara ce, domin za ta yi tauri kafin jijiyarta ta narke. A nan ta gidan gona ta fi dacewa, muddin kin tsane jikinta kafin ki sa ta a wuta, saboda matuƙar akwai ruwa a fatar zafinta ba zai wuce digiri 100 ba, ita kuwa haɗuwar Maillard sai wajen digiri 140 take kankama.

Tambaya: Wani magidanci yana tambaya ko ya riƙa sayen kaza da rai a yanka a dafa nan take, ko kuwa daskararriya ba ta da wata illa ga ɗanɗano.

Amsa: Malam, a nan akwai abin da ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Tsokar kaza mai rai ba ta tara inosinet da yawa, abin da take da shi shi ne ATP, sinadarin da ke ba ta ƙarfin motsi. Bayan yanka ne, da jini ya daina kai iska, enzayim na cikin tsokar, wato sinadaran da ke hanzarta sauye-sauye a jiki, suke warware ATP mataki-mataki har ya zama inosinet, kuma wannan yana ɗaukar sa'o'i. A daidai wannan lokacin ne kuma naman yake sandarewa, shi ya sa ƙirjin da aka cire daga ƙashi ko aka jefa a tukunya kaza na gama shure-shure yake yin tauri. Masu sarrafa kaji sukan jira sa'a huɗu zuwa shida kafin su raba nama da ƙashi. Saboda haka in ka yanka, ka gyara ta ka sa a firji mai sanyin da bai haura digiri 4 ba, ta kwana, sannan a dafa. Kada kuma a wuce kwana biyu, domin warwarewar ba ta tsayawa: inosinet yana ci gaba da rushewa har ya koma haifozantin, mai ɗan ɗaci, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta.

Daskarewa a digiri 18 ƙasa da sifiri tana rage wannan rushewar ƙwarai, don haka kazar da aka daskarar da wuri kuma ba a bari ta narke a hanya ba, ba ta da laifi. Matsalar tana wajen narkewa da sake daskarewa, inda manyan ƙwayoyin ƙanƙara suke huda tsoka, ruwan da ya tsiyaye kuma ya tafi da gulutamet da inosinet, tunda dukansu masu narkewa ne a ruwa. Ka duba ledar da kyau kafin ka biya. In ka ga dunƙulen ƙanƙara mai jaja-jaja ya taru a ƙasanta, ko fatar ta yi farin tabo busasshe, ka ajiye ka ɗauki wata.

Tambaya: Wata ɗaliba ta ce ta ji ana cewa kaza mai rawayar fata ta fi mai farar fata daɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, launin fata ba ma'aunin ɗanɗano ba ne. Rawayar tana fitowa ne daga sinadaran launi da ke cikin masara da ganye, kuma binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa ƙwayar gado mai suna BCO2 ce take yanke hukuncin ko launin zai zauna a fata ko za a rushe shi. Masu kiwo da suka san kasuwa na son rawaya sukan ƙara garin furen marigol a abinci, ba tare da ɗanɗanon ya canza ba. Abin da ya fi cancanta ki tambaya shi ne abin da kazar ta ci, domin irin man da ta ci shi yake sauka a kitsenta kusan yadda yake, shi ya sa wadda aka cika wa garin kifi take ƙarni.

Tambaya: Wata mai sayar da abinci tana kukan cewa naman da ya kwana a firji, in ta ɗumama, yana wani wari kamar na tsohon kwali, tana tambaya ko canza wurin saye zai magance.

Amsa: Hajiya, ba daga mai sayarwa ba ne, daga kitsen nan ne da ya ba kaza ƙamshinta tun farko. Dahuwa tana fasa bangon ƙwayoyin tsoka ta kuma saki sinadarin ƙarfe da ke cikin nama, sai ƙarfen ya taimaki iska ta ci gaba da lalata man ko da a cikin sanyi, a samu sinadarin hekzanal da danginsa, masu haddasa wannan warin. Masu bincike biyu, Tims da Watts, sun bayyana wannan tun 1958, kuma kaza ta fi naman sa saurin kamuwa saboda manta ya fi saurin lalacewa. Cinya, wadda ta fi ƙirji daɗi da zafinta saboda yawan kitse da ƙarfe, ita ce kuma ta fi saurin yin warin. Ki rage yawan abin da kike dafawa lokaci guda, wanda ya rage ki sanyaya shi da wuri, ki nutsar da shi cikin romo ko miya a mazubi mai murfi don iska ta rasa hanya, kuma idan za ki ɗumama ki tabbatar zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74.