Me ya hana a rushe tsohon tsarin kwamfuta a gina sabo?

Malam, ka ce me ya hana a rushe tsohon tsarin kwamfuta a gina sabo fil. Ai an gwada. A 2001 Intel, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor), ta fito da sabon tsarin ƙwaƙwalwa mai suna Itanium, gini daga tushe, sai tsofaffin manhajoji suka riƙa tafiyar hawainiya a kansa, kasuwa ta ƙi shi. Kishiyarta AMD kuwa ta faɗaɗa x86, tsohon tsarin da manhajojin suka saba da shi, zuwa bit 64 (wato ya iya ɗaukar bayanai masu yawa a lokaci guda) a 2003, ita ta ci.

Ni ina bayan AMD. Leƙa shagunan buga takardu wajen kasuwar Dole nan Damagaram: tsohuwar na'urar bugawa ke ciyar da gida. Tsarin da bai san ta ba, wa zai saye? Ko Apple da ta sauya tsarin ƙwaƙwalwar kwamfutocinta a 2020, sai da ta sa Rosetta 2, manhaja mai tafinta tsakanin tsohon tsari da sabo, don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki.