Haɗa kiɗan kalangu da tsohuwar laftof

Tambaya daga Kaura Namoda: Malam, barka da aiki. Laftof ɗina tsohuwa ce, da na buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sai ta sanƙare. An ce mini akwai manhajojin tiraka marasa nauyi. Zan iya haɗa kiɗa da su, har in sa kalangu?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, kada ka sayar da ita. Tiraka manhaja ce da ake haɗa kiɗa da ita ta hanyar rubuta sautuka layi-layi. Manhajar farko ta irin wannan, Ultimate Soundtracker, Karsten Obarski ne ya rubuta ta a 1987 don kwamfutar Amiga, mai fitar da sauti huɗu kacal a lokaci guda. Taka ta fi wannan nesa ba kusa ba. Sauke OpenMPT ko MilkyTracker, duk kyauta ne.

Da ka buɗe za ka ga layuka jere, galibi 64, suna gudu daga sama zuwa ƙasa. Kowane layi ɗan lokaci ne ƙanƙani. Ka rubuta C-5, wato sunan wata muryar kiɗa, a wani layi, idan an iso wurin sai sautin ya fita. Kwanakin farko ido zai yi ta ruɗewa da lambobi, daga baya ya saba.

Batun kalangu shi ne ya fi jan hankalina. Tiraka da guntun sauti take aiki, wato samfur, don haka nemi makaɗi a unguwarku, ku shiga ɗaki mai labule da katifa, ka ɗauki bugu ɗaya-ɗaya da waya: a sake, a ɗan matse, a matse sosai. Mayar da su fayil ɗin sauti na WAV, ka yanke shirun da ke gaba. Kada ka dogara da bugu ɗaya, domin idan manhajar ta ɗaga muryar samfur sauri take ƙara masa, sai ya gajarce ya koma kamar bugun gwangwani. Lanƙwasar nan da kalangu ke yi idan an matse shi a hammata, a tsarin XM, wato wani nau'in fayil ɗin tiraka, umarnin 1 na jan murya sama, 2 na saukar da ita. Sa lamba ƙarama bayan umarnin, ka saurara, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Kuma ka sallami makaɗin, ka sanar da shi inda sautinsa zai je, haƙƙinsa ne.

Tambaya daga Gusau: Ni waya kawai gare ni, Malam.

Amsa: Gwada SunVox, shi ma tiraka ne, yana kan Android, sai dai a waya na kuɗi ne. Rubutunsa ƙanana ne sosai, in da hali jona wa wayar ƙaramin allon rubutu ta OTG.