Yadda za ka sa VS Code ya riƙa ba fayil lamba da kansa idan ka kwafe shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python ne, a VS Code nake rubutu. Kowane sabon darasi nakan kwafi fayil ɗin jiya in ɗora a kansa, amma sai sunan ya fito `darasi copy.py`, na gaba kuma `darasi copy 2.py`. Na gaji da gyara suna da hannu. Akwai dabarar da zai riƙa sa lamba da kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma ba sai ka sauke komai daga intanet ba, tana cikin VS Code ɗin.

Danna Ctrl tare da alamar waƙafi, shafin saiti zai buɗe. A gurbin bincike rubuta `explorer.incrementalNaming`. Za ka same shi a kan `simple`, shi ne mai liƙa maka kalmar da ta dame ka. Mayar da shi `smart`. Akwai na uku, `disabled`, wanda ba ya ƙirƙirar sabon suna, sai dai ya tambaye ka ko a danne fayil ɗin da ke wurin. Wannan ba naka ba ne.

To amma `smart` ba boka ba ne. Abin da ya gani a sunan farko, a kansa yake ɗorawa. Idan sunan `darasi_01.py` ne, ka zaɓe shi a jerin fayilolin da ke gefe, ka danna Ctrl+C sannan Ctrl+V, zai ba ka `darasi_02.py`, har sifirin nan na gaba bai yar ba. Idan kuwa babu lamba a sunan, kamar `darasi.py`, abin da zai fito shi ne `darasi.1.py`, kuma nan mai koyon Python yake shiga uku. Fayil ɗin zai yi aiki idan ka kunna shi kai tsaye, amma ranar da ka so janyo shi cikin wani da `import`, ba zai yiwu ba, domin a wurin Python ɗigo alama ce ta shiga cikin ƙunshi, wato package. Suna mai sarari a tsakiya irin `darasi copy.py` ma haka yake, ga kuma wahalar sa masa alamar zance duk lokacin da za ka kira shi a tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Don haka fara gyara na farkon: zaɓe shi, danna F2, ka sa masa `darasi_01.py`. Kada ka raina sifirin. In babu shi, a wurare da yawa 10 kan sha gaban 2 idan aka jera sunaye.

Ka kuma sani suna kaɗai ake sauyawa, abin da ke ciki ba a taɓa shi. A Python wannan bai cika damuwa ba, amma idan ka koma Java, inda dole sunan ajin da aka yi wa `public` ya dace da sunan fayil, kwafin ba zai haɗu ya yi aiki ba sai ka gyara da hannu. A nan IntelliJ IDEA, wata manhajar rubuta Java, ta fi wayo: ka danna F5 a kan aji, ta tambaye ka sabon suna, ta sauya na ciki da na waje gaba ɗaya.

Idan fayiloli da yawa kake so a lokaci guda, tamina ta fi sauri. A Linux, Mac ko Git Bash na Windows:

`for i in 02 03 04 05; do cp -n darasi_01.py darasi_$i.py; done`

Kada ka cire `-n` ɗin nan. In babu shi, `cp` zai danne duk fayil mai irin sunan ba tare da ya yi maka ko sallama ba, kuma abin da ya danne ba ka samun sa a kwandon shara.

Duk wannan ya dace ne idan kowane fayil darasi ne mai zaman kansa. Idan kuwa aiki ɗaya ne kake kwafa don tsoron kada gyaran yau ya ɓata na jiya, to ba lamba kake buƙata ba, Git kake buƙata, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara da ka yi. Rubuta `git init` sau ɗaya a tamina, cikin foldar aikin, sannan duk inda ka kai ka ajiye matakin daga sashen Source Control da ke gefen hagu na VS Code, wanda Ctrl+Shift+G ke buɗewa.