Ga 'yar'uwar da ta ce zuciyarta ta bushe

'Yar'uwa, kin ce kina zuwa sujada kowace Lahadi a nan Tahoua, kina addu'a, amma farin cikin da kika sani a da ya dushe, har kina tsoron ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Ni ban ga haka ba. Wadda bangaskiyarta ta mutu ai ba ta damuwa har ta yi tambaya.

Ki duba wasiƙar Bulus ga Filibiyawa. A tsare ya rubuta ta, amma a sura 4 aya 4 ya ce su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita. A Filibi ɗin ma aka yi masa bulala shi da Sila, tsakar dare ƙafafunsu na cikin turu suna waƙa. Bayansu na zogi, ba dariya suke yi ba.

Ina Yamai a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u. Muka koma taruwa a tsakar gidan wani dattijo, kan tabarma, ba lasifika. Wata tsohuwa ta kifa ƙwarya tana kaɗawa da ludayi. Hawaye nake, amma ban taɓa jin daɗin waƙa kamar ranar ba.

Kada ki kulle kanki a ɗaki. Ki koma zumuntar mata, ko ba ki iya waƙa ba. In akwai wadda aka kwantar a asibitin Galmi, ki dama mata kunu ki kai, ki zauna da ita har la'asar.