Kukan gidansu ko kukan kansa? Amsoshin tambayoyinku

Wata ɗalibar Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ta rubuto tana cewa: "Malam, an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ke nan marubuci da mawaƙi ba su da abin kansu, bakin jama'arsu kawai suke ara?"

Ƴata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Bahaushe kan jawo wannan karin magana idan ya ga mutum ya yi hali ko furuci irin na inda ya tashi, wani lokaci don yabo, wani lokaci don gugar zana. Idan aka kawo ta fagen adabi tana da gaskiyarta. Yaron da ya girma a unguwar Birni, yana jin kakaki da algaita a ƙofar fada, yana jin kirarin Sarki Tanimun a bakin maroƙa, in ya ɗauki alƙalami sai an ji Damagaram a cikin rubutunsa ko da bai ambace ta ba. Karin harshensa, abin da yake jin kunyar faɗa, irin wanda yake ɗauka gwarzo, duk gida ne ya ba shi.

Sai dai kada ki ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Dubi abin da ya faru a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Kira ɗaya aka yi wa malamai biyun da zan ambata, zamaninsu ɗaya, dukkansu sun yi karatun allo da na boko. Abubakar Imam ya zo da Ruwan Bagaja, cike da raha da yawon duniya da wayon zaman gari. Abubakar Tafawa Balewa ya zo da Shaihu Umar, labarin bauta da rabuwar ɗa da uwa da ƙetare hamada, cikin natsuwa irin ta mai wa'azi. Da a ce gida kaɗai ke magana, da littattafan nan biyu sun yi kama. Ni a ganina gida yana ba marubuci harshe da kayan aiki, shi kuma ya zaɓi abin da zai ƙera, sannan jama'a su yanke hukuncin ko za su riƙe ko su yar.

Wannan hukunci na jama'a kuwa kowa a garin nan ya san shi a wasan kara. Saurayi ya fito yana kwaikwayon wani babba, ya kama tafiyarsa, ya kama yadda yake gyara murya kafin ya yi jawabi, yadda yake ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Lura da waɗannan ƙananan abubuwa basirarsa ce shi kaɗai. Amma in taro bai yi shewa ba, baɗi ba zai sake yin wannan ba.

Wani dattijo, tsohon malamin lakwal daga unguwar Zango, ya ce ƴaƴansa na cewa "abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo", shi kuwa abin da ya ji a bakin iyayensa shi ne "matar falke ta haifi jaki". Wanne ne daidai?

Baba, Allah ya ƙara girma, duka biyun daidai ne, ma'anarsu kuma ɗaya: abin da mutum ke fita nema ya same shi har gida. Falke shi ne mai fatauci, jaki kuwa shi ne motarsa. A da, a Zango, inda ayari ke sauka daga Agadas da Kano, ba a bukatar a yi wa kowa bayanin darajar jaki a wurin falke. Da aka samu mota, fatauci da jakai ya ja baya, yaro ya daina ganin falke, sai wani mai azanci ya cire falke ya sa ɗan sanda, wanda kowa ke gani kullum a bakin titi. Mutum ɗaya ne ya fara faɗin haka, ba shakka, amma sunansa ya ɓace, domin da jama'a suka ji ta yi musu daɗi sai suka mayar da ita tasu. Roƙona dai, Baba, ka ci gaba da faɗin taka a gaban jikoki. Ina baƙin cikin yadda kalmomi irin su falke, madugu da mangala ke fita daga bakin yaranmu.

Tambaya ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce mai karatun littattafan soyayya a waya: mene ne bambancin "salo" da "yayi"?

Malama, salo na mutum ne, yayi na jama'a ne. Salo shi ne hanyar da wane ke bi wajen jera zancensa, har ki gane shi ko ba a rubuta sunansa ba. Yayi kuwa abin da mutane suka raja'a a kai ne na ɗan lokaci, kamar yadda ake yayin atamfa. Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun daga shekarun 1980, suna shigo mana ta Daura da Matamaye, yayi ne, kuma mata da matasa ne suka ɗaga su da kuɗinsu, suna saye suna haya. Yau abin ya koma Facebook da WhatsApp, inda marubuciya kan saki shafi ɗaya da dare, kafin asuba masu karatu sun gaya mata wanda suke so jarumar ta aura. Wasu marubutan kan bi abin da aka ce, wasu kan tsaya a kan labarin da suka yi niyya ko da za a yi musu ca. Idan kika karanta shafi uku kika iya cewa wance ce ta rubuta, to kin gamu da mai salo.